Daren opera bayan mako mai nauyi

Tambaya: Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce, wata na takwas ke nan a Viyana, babban birnin Ostiriya. Makon nan ya zo min da nauyi: aikin dare huɗu a jere, ga wani tsoho da na saba da shi a ɗakin da nake kula da shi ya rasu ranar Laraba. Abokiyar aikina ta ce in raka ta gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, ranar Asabar, wai zuciyata za ta yi sanyi. Ban taɓa shiga ba, ba na jin Italiyanci, Jamusancin ma da ƙyar nake kamawa. Da gaske abin yana sauke gajiya, ko dai in yi kwanciyata?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ƙanwata, Allah ya ba da lada, ya kuma ba ki haƙurin tsohon nan. Ki yi duka biyun. Ba a fara wasan sai wajen ƙarfe bakwai na yamma, don haka ki rufe labule ki yi barcinki har azahar, ki ci abinci mai nauyi, sannan ki shirya ki bi ƙawarki. Bashin barci ba abin da ke biyansa sai barci. Amma gajiyar da kika kwatanta kashi biyu ce. Akwai ta ƙafa da baya, akwai kuma wadda ke zaune a ƙirji, wadda mutum zai kwana ya tashi ya same ta tana nan inda ya bar ta. Ta biyun nan ce daren opera yake iya taɓawa, idan an zaɓi wasan da ya dace.

Ilimin kiɗa na karanta, kuma sana'ata a garin nan ita ce raka masu koyon waƙa da fiyano, shekara goma sha tara ke nan. Don haka na san abin daga ciki, na kuma san shi daga wurin mai kallo da ta shigo da jiki a mace.

Maganar harshe ita ce mafi sauƙi, bari in fara kawar da ita. Iyayenmu sun yi shekaru suna cika silima a Kano da Zariya da Damagaram suna kallon finafinan Indiya ba tare da sun ji kalma ko ɗaya ba, suna kuka inda ya kamata a yi kuka. Wanda ya tashi da wannan ba zai yi mamakin ganin saurayi ya dubi budurwa ya ɓarke da waƙa ba. Bambancin kawai shi ne a opera kusan komai waƙa ne, har "shigo" da "ina kuɗina". Ban da haka, a babban gidan opera na Viyana kowace kujera tana da ɗan ƙaramin allo a gabanta da ke nuna fassarar abin da ake rerawa, ki zaɓi Jamusanci ko Ingilishi. Shawarata ita ce ki karanta labarin a gida, minti biyar ya isa, sannan a can ki riƙa leƙa allon jefi-jefi. Wadda ta kafe ido a kan rubutu ta biya kuɗin kallo ne ta yi karatu.

Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne babu lasifika. Mutum ɗaya zai tsaya a kan dandamali, tsakaninsa da ke akwai rami cike da makaɗa hamsin ko fiye, masu goge iri-iri da masu busa da masu ganga, a ɗakin da ke ɗaukar mutum sama da 2,000, amma muryarsa ta tsallake su duka ta same ki a bene na ƙarshe kamar a kunnenki yake. Wani masanin murya ɗan ƙasar Suwidin, Johan Sundberg, ya bayyana yadda hakan ke faruwa tun a shekarun 1970. Mawaƙin da ya samu horo, musamman namiji, yana sauke maƙogwaronsa ya buɗe sararin da ke samansa, sai muryar ta samu wani kaifi a wajen girgiza 3,000 a daƙiƙa. Ƙarfin kayan kiɗa ya fi taruwa can ƙasa da haka, kuma kunnen ɗan Adam ya fi jin sauti a daidai wajen 3,000 ɗin nan. Kamar a ce kasuwa ta cika maƙil, shi kuma ya san wani lungu da ba kowa.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne ya shafi aikinki. Ke kin kwana huɗu cikin ƙarar na'urori, ƙararrawar gado, wayar da ba ta hutawa, fitilar da ba a kashewa. Duk sautin da ya shiga kunnenki a makon nan yana neman wani abu a wurinki ne. Muryar da za ki ji ranar Asabar daga huhun mutum take fitowa, kina ganin lokacin da ya ja numfashi, kuma ba ta buƙatar ki tashi ki yi komai. Na lura a jikina, kuma ɗalibaina da yawa sun faɗa min haka, cewa idan mawaƙi ya ja dogon baiti mai sauraro yakan riƙe numfashi tare da shi, ya sake tare da shi. Likitoci ma sun auna wani abu mai kama da haka. A 2009 Luciano Bernardi da abokan aikinsa na jami'ar Pavia a Italiya sun kunna wa mutum 24 kiɗa iri-iri suna auna numfashi da bugun zuciya da hawan jini, suka ga jiki yana bin hawa da saukar kiɗan, musamman wasu baitocin Verdi, marubucin opera ɗan Italiya, masu tsawon kusan daƙiƙa goma. Mutum 24 ba yawa ba ne, ke ma kin san haka, don haka ba zan kira shi magani ba. Sai dai ya yi daidai da abin da jiki yake gaya wa mai zuwa.

Abu na biyu shi ne duhu da rufe ƙofa. Gustav Mahler, wanda ya shugabanci gidan opera na Viyana daga 1897 zuwa 1907, shi ya matsa a riƙa rage fitilun ɗakin idan an fara, a kuma hana masu latti shiga. Mutanen lokacin sun ji haushinsa, domin da yawansu hira da nuna sutura ke kai su. Har yau dokar tana nan: idan kika makara, sai an je hutun tsakiyar wasa za a bar ki ki shiga. Ni ina ganin wannan ita ce babbar kyautar da gidan yake ba mai gajiya. Awa biyu da rabi wayarki a kashe, ba wanda zai iya kiranki, ba ki da damar tashi ki wanke kwano ko ki duba jadawalin mako mai zuwa. A gida kina iya kunna waƙar nan ɗin a waya, amma kafin a kai rabi kin amsa saƙo uku.

Na uku shi ne wanda ya fi wuyar faɗa. A wurin aiki idan majiyyaci ya rasu, minti nawa ake ba ki? Za ki cika takarda, ki kira iyalinsa, a gyara gadon, na kusa da shi yana danna ƙararrawa. Baƙin cikin sai ki ninke shi ki sa a aljihu. Opera kuwa ginin ta gaba ɗaya a kan akasin haka yake. Labari yana tafiya da sauri ta hanyar wata rera mai kama da magana, sai a iso inda wani abu ya taɓa zuciyar ɗaya daga cikinsu, nan take komai ya tsaya cak. Wannan shi ake kira ariya. Minti huɗu, biyar, wani lokaci goma, mutum ɗaya yana juya ji ɗaya tak, yana maimaita kalmomi kaɗan, kowane maimaici da wani launi. Ba wanda zai ce masa ya yi sauri. Mai kallo da ta shigo da abu ninke a aljihu sau da yawa a nan yake warwarewa, kuma tun da duhu ne, ga na kusa da ke ma yana share ido, ba mai tambayarki lafiya. Kada ki ji kunya idan hakan ta faru. Ki sa hankici a jaka.

To amma wane wasa? Nan ne ƙawarki za ta iya yin daidai ko ta ɓata daren, don haka ki tambaye ta tun yau abin da ake yi ranar Asabar. Gidan yana canza wasa kusan kullum, daga Satumba zuwa ƙarshen Yuni, ana juya kusan opera hamsin a shekara, kuma ba duka ne na mai gajiya ba. Ni na taɓa yin wannan wautar a shekarata ta biyu. Na gama wani mako da mai gidan hayata ya ba ni takardar tashi, aikin da nake sa rai kuma ya kuɓuce, sai na ce bari in je in huce. Ban duba ba na faɗa kan Die Meistersinger na Wagner, wanda da hutu da komai ya haura awa biyar, ga ni a wurin masu kallo a tsaye. Wasan barkwanci ne a takarda, kuma yanzu ina cikin masu sonsa, amma a daren nan na fito ƙafafuna sun kumbura, takaicina ya ninku. Wasannin Wagner da na Richard Strauss ki ajiye su sai kin huta, sai kuma kunnenki ya saba.

Idan da ni zan zaɓar miki, L'elisir d'amore na Donizetti zan ce, wanda aka fara nunawa a Milan a 1832. Kashi biyu ne, da hutu bai cika wuce awa biyu da rabi ba, kuma labarinsa za ki rantse a tashar mota aka rubuta shi. Wani talakan ƙauye, Nemorino, yana son Adina, mai gona da ilimi, ita kuma tana ja masa aji. Sai ga Dulcamara ya shigo gari da kekensa da mai busa masa, yana tallar kwalba ɗaya da ke maganin ciwon haƙori da tsufa da ƙwari da komai. Kin san irinsu, masu ɗora lasifika a kan mota ranar kasuwa. Nemorino ya tambaye shi ko yana da maganin farin jini, shi kuma ya miƙa masa kwalbar giya mai arha ya karɓe kuɗinsa kaf, ya ce sai gobe zai fara aiki, lokacin da shi ya riga ya bar gari. Da yaron ya ga abin bai ci ba, sai ya sayar da kansa ga aikin soja don ya samu kuɗin kwalba ta biyu. Ana haka kawunsa mai dukiya ya rasu ya bar masa gado, 'yan matan ƙauye suka ji labari kafin shi, suka yi masa caa. Shi ya ɗauka magani ne ya kama. Har shi boka ya fara zargin ko da gaske maganinsa yana aiki.

Za ki yi dariya sosai, amma ba don dariyar kaɗai na zaɓe shi ba. Dab da ƙarshe, bayan duk shirmen nan, dandamali yakan yi tsit. Sai wata doguwar sarewar katako mai kaurin murya, fagot, ta fara wani sauti a hankali, molon nan mai tsayi da ake kira harf yana bin ta a ƙasa. Nemorino shi kaɗai, ya hango ɗigon hawaye a idon Adina, ya gane cewa ashe ana sonsa. Mutumin da aka yi awa biyu ana yi wa dariya sai ga shi yana rera abin da ya fi komai nauyi a daren. Na ji wannan wurin ya fi sau talatin, har yau tsikar jikina tana tashi. Ga wadda ta yi mako irin naki wannan tsarin ne daidai: a fara sassauta ki da dariya, sannan a ba ki minti biyar na kuka, sannan a sallame ki da biki.

Idan ba shi ake yi ba, Wanzamin Sebil na Rossini, na 1816, ko Auren Figaro na Mozart, wanda a garin nan aka fara nuna shi a 1786, duk za su yi, sai dai Figaro ya fi tsawo, ya haura awa uku. Akwai kuma gidan Volksoper, inda aka fi yin masu sauƙi da Jamusanci kuma kuɗin shiga ya fi sauƙi. Waɗanda zan ce ki yi hattara da su a wannan makon su ne La bohème da La traviata. Su ne aka fi kai sabon shiga, kuma sun cancanta, amma dukansu biyu suna ƙarewa ne da budurwa kwance a gado tarin fuka yana kashe ta, na kusa da ita suna tsaye ba abin da za su iya. Akwai wanda irin wannan yake wanke wa zuciya. Ke da kika baro bakin gado ranar Laraba, ina tsoron ya zame miki komawa aiki. Ke kika san kanki, amma gara ki shiga da sani.

Ki kuma duba hotunan wasan a shafin gidan kafin ki saya. A ƙasashen masu Jamusanci masu shirya wasa suna da 'yancin juya tsohon labari yadda suka ga dama, wani lokaci har da tsiraici ko jini a inda marubucin bai sa ba. Viyana tana da tsofaffin shirye-shirye da ba a taɓa ba, operar Tosca ɗinsu tun 1958 ake nuna ta da kaya iri ɗaya, amma sababbin sai an duba. Hoto biyu sun isa su gaya miki ko abin da za ki iya zama ki kalla ne. Batun hukuncin kiɗa kuwa kin san malamai sun yi saɓani, kuma kin san inda kika tsaya, ba zan shiga nan ba.

Kuɗi. Kujerun gaba suna haura Yuro 200, kada su tsorata ki, ba naki ba ne ba nawa ba. Akwai wuraren tsayuwa sama da 400 da ake sayarwa a ranar wasan a ƙasa da Yuro 20, kuma su ne abin alfaharin gidan. A nan za ki ga ɗalibai da tsofaffin da suka yi shekara arba'in suna zuwa, waɗanda suka san kowane baiti kuma ba sa yafe kuskure. A da mutum yakan ɗaura gyalensa a jikin ƙarfen jingina don ya kama wuri, ya fita ya sha iska ya dawo ba wanda ya taɓa. Amma ke ba zan tura ki tsayuwa ba, kin tsaya isasshe. Ki nemi kujera a bene na sama, ta tsakiya idan da hali. Sauti a can yana da kyau ƙwarai, wasu ma sun fi son sa a kan na ƙasa. Ki dai karanta da kyau, domin kujerun gefe masu arha sosai wasu rabin dandamali ake gani, wasu ma ba a ganin komai.

Sutura ba abin damuwa ba ce. Atamfarki ko leshi mai kyau da mayafi sun fi abin da rabin ɗakin za su sa, ni da su nake zuwa, kuma ban da tsofaffin mata da ke tsayar da ni su yaba ɗinki ba abin da na taɓa gani. Babbar rigar sanyi ana ajiye ta a wurin ajiya kafin a shiga. Idan lokacin sanyi ne magariba tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, kin yi sallolinki a gida kafin ki fito. A watan Mayu da Yuni ne take faɗowa a tsakiyar wasa, sai ki yi lissafinki. Lokacin hutu za ki ga ana ta ɗaga kofunan giya, amma akwai ruwa da lemo da kofi. Ki zagaya ki ga matakalar marmara da ɗakunan gaba, suna cikin ɗan abin da ya tsira daga ginin asali.

Tun da na ambaci wannan, ga abin da nake tunawa duk lokacin da wani ya ce min opera wasan masu ƙoshi ne. An buɗe babban gidan a 1869. Ranar 12 ga Maris 1945, a yaƙin duniya na biyu, bam ya faɗa masa, dandamali da ɗakin kallo suka ƙone, da kayan wasa na shekaru. An daina faɗa a cikin garin a tsakiyar Afrilu. Ranar 1 ga Mayu, ko sati uku ba a yi ba, mawaƙan suka hau dandamalin Volksoper suka yi Auren Figaro, a garin da abinci ya yi wuya kuma tituna da yawa ɓaraguzai ne. Shekara goma suna aro wuri kafin a sake buɗe nasu a Nuwamba 1955 da Fidelio na Beethoven. Mutanen da suka je kallo a watan Mayun nan ba hutu ne ya yi musu yawa ba. Kalmar opera ma a Italiyanci ma'anarta aiki, kuma idan kika leƙa ramin makaɗa kika ga gumi a goshin masu goge za ki yarda. Akwai wani daɗi na daban ga wadda ta yini tana yi wa mutane hidima ta zauna, mutum ɗari da wani abu suna yi mata aiki da iyakar ƙarfinsu.

Abin da daren ba zai yi ba shi ne gyara jadawalin aikinki. Litinin tana nan tana jira. Idan kuma nauyin nan ya wuce na mako ɗaya, kina kwana ba barci ko da kin samu dama, abinci ya fita ranki, abin da kike so da ya daina burge ki har sati biyu ko fiye, ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san sunan abin, kuma kin san ba tikiti ne maganinsa ba. Ki yi magana da likita, ki kuma kira gida.

Ku isa da rabin awa kafin lokaci, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Karlsplatz tana fitar da ku kusan a bakin ƙofa. Ki zauna ki saurari makaɗa suna ɗumama hannu, kowa yana nasa kamar kasuwar tsuntsaye. Can sai ki ji wata siririyar busa ita kaɗai, obo ke nan, 'yar'uwar algaita ce ta wajen bakin busawa, ta ba da sauti ɗaya kowa ya daidaita da shi. Daga nan fitila za ta fara ja baya. Tafi kuwa kada ki riga kowa, ki jira na kusa da ke ya fara. Idan kun fito yunwa za ta kama ku, kuma ƙawarki za ta ja ki wurin mai tsiran nan da ke bayan gidan inda kowa ke yin layi da kayan kwalliyarsa. Yawancin abin da ke kan wutarsa naman alade ne, don haka ki bar sauran miyarki a kan murhu kafin ki fita.